Mai jiki da ciwon baya: Abin da ya kamata a duba kafin sayen mota

Wanda ya saba bin hanyar da ta fita daga cikin garin Sakkwato ta ratsa Kwalkwalawa zuwa mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ba zai rasa ganin wannan ba. Magidanci mai jiki ya tsayar da mota gefen titi zai sayi kifi ko rake. Ya buɗe ƙofa, ya fitar da ƙafa ɗaya, ya kama saman ƙofar ya jawo kansa waje, sannan ya tsaya dafe da ƙugu na ɗan lokaci kafin ya iya miƙewa sosai. Motar tasa sabuwar shigowa ce, fentinta na sheƙi, injinta ba ya ko tari. Shi mai motar ne ya gaji, alhali tafiyar da ya yi ba ta kai ta rabin awa ba.

Yawancinmu idan za mu sayi mota, inji muke fara tambaya, sai giya, sai shan mai, sai takardun kwastan. Mukan ɗauki bakanike ya saurari ƙarar inji, ya leƙa ƙarƙashi, ya duba ko an taɓa yin haɗari da ita. Kujerar da mutum zai riƙa zama a kai kullum na tsawon shekaru kuwa, kallon tsabtarta kawai ake yi. Ga matashi siriri mai lafiyar baya wannan sakaci ba ya cin komai. Ga mai ƙiba ko dogo wanda bayansa ya riga ya fara ba shi labari, kuskure ne da zai riƙa biya safe da yamma.

Ciwon ƙasan baya ba ƙaramar matsala ba ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2020 mutum miliyan 619 ne ke fama da shi, kuma ana hasashen adadin zai kai miliyan 843 nan da 2050. Shi ne kan gaba a cikin abubuwan da ke hana mutane gudanar da harkokinsu a duniya. Ma'aikacin da ke wuni kan kujerar ofis a Sakatariyar Giginya da ɗan kasuwar da ke zaryar Illela da Gusau duk suna cikin masu wannan kuka.

Me zaman mota ke yi wa baya?

A ƙasan gadon bayan ɗan Adam, wato wajen tsatso, akwai ƙasusuwa guda 5 da ke ɗauke da nauyin duk abin da ke samansu. Tsakanin kowane ƙashi da ɗan'uwansa akwai wani faifai na guringuntsi mai taushi a ciki, wanda ke aikin matashi. Idan mutum yana tsaye, wannan sashe yakan ɗan lanƙwasa zuwa gaba, kuma a haka nauyi ke rarrabuwa daidai. Da zarar ya zauna a kujera mai zurfi, gwiwoyinsa suka yi sama da ƙugunsa, sai lanƙwasar ta baje, nauyin ya tattaru a gefe ɗaya na faifan. Faifai biyu na can ƙasa su ne suka fi shan wahala, kuma idan ɗayansu ya turo ya taɓa jijiya, sai a ji zafi yana sauka ta ɗuwawu zuwa cinya har tafin ƙafa.

Tun a shekarun 1960 wani likitan ƙashi ɗan ƙasar Suwidin, Alf Nachemson, ya auna matsin da ke cikin waɗannan faifai a jikin mutane masu rai. Shi da abokan aikinsa sun gano cewa zama a sunkuye ba tare da jingina ba yana ƙara matsin, kuma yana raguwa idan aka ɗan kwantar da majinginar kujera baya aka sa abin da zai tokare ƙugu. Ba mamaki da kamfanin Volvo na wannan ƙasa ya yi suna wajen kujeru.

Zaman mota kuma ya fi na ofis illa ta wani ɓangaren. Mai zaman ofis yana iya ajiye ƙafafunsa biyu a ƙasa, ya gyara zama, ya tashi ya ɗan zaga. Direba ƙafarsa ta dama tana kan totur da birki, hannuwansa a miƙe, kuma jikinsa na shan girgiza. Masana sun daɗe da sanin cewa girgizar da ke maimaituwa sau 4 zuwa 8 a cikin daƙiƙa ita ce gangar jikin mutumin da ke zaune ta fi amsawa, kuma irinta ce mota ke samarwa a kan hanya mai gargada. Ga mai tumbi, nauyin da ke gaba yana ƙara jan gadon baya, don haka duk girgiza ɗaya tana zuwa masa da ƙarin kaya.

Akwai wani abu da ba kowa ya sani ba. Mutum-mutumin da aka fi amfani da shi wajen gwajin haɗarin mota a Amurka tsayinsa kusan santimita 175 ne, nauyinsa kilo 78. Babbansa da ake ɗauka a matsayin ƙaton namiji bai wuce kilo 101 da tsayin santimita 188 ba. Wato duk wanda ya haura kilo 110 ko 120 ya riga ya fita daga ma'aunin da aka fi tsara motoci a kai. Kamfani bai auna shi ba, sai shi ya auna kamfani.

Shiga da fita

Gwaji na farko ana yin sa tun kafin a tayar da inji. A tsaya kusa da motar a buɗe ƙofa a dubi inda kujerar take. Idan samanta ya yi daidai da ƙasan ƙugu ko ƙasa da haka kaɗan, mutum zai juya baya ya zauna kamar yadda yake zama a kujerar falo, sannan ya shigar da ƙafafunsa. Idan ta yi ƙasa ƙwarai, faɗawa zai yi, kuma wajen fita sai ya murɗa baya yana ɗaga nauyinsa a kan ƙafa ɗaya. Wannan murɗawa tare da sunkuyo ita ce abin da faifan baya ya fi ƙi. Mai zuwa aiki, masallaci, kasuwa da ɗauko yara daga makaranta yana iya shiga da fita sau goma sha a rana.

A nan ne ƙananan motoci irin su Corolla da Civic ke faɗuwa jarrabawa duk da kyawun injinsu da sauƙin mansu. Honda Accord ta 2003 zuwa 2005, wadda ake wa laƙabi da EOD, tana da faɗi a ciki amma zamanta ƙasa-ƙasa ne. Sai dai kuma tsayi da yawa shi ma matsala ne. Prado da Land Cruiser da Hilux hawa ake yi, a taka matakala a kama hannu a ja jiki, wajen sauka kuma a diro. Abin da ya fi dacewa da mai ciwon baya yana tsakiya: irin su Highlander, RAV4, CR-V, Venza, Lexus RX da Sienna, waɗanda mutum ke zamewa ya shiga ba tare da ya hau ko ya faɗa ba.

Mu a nan muna da ƙarin abin lura wanda Bature bai sa a lissafi ba, wato hula da babbar riga. Mai sa doguwar hula, balle mai naɗa rawani, yana bukatar sarari a sama fiye da yadda aka tsara. Idan rufin ya yi ƙasa zai riƙa tuƙi a ɗan duƙe bai ma sani ba. Motar da ke da tagar rufi takan rage wannan sarari da 'yan santimitoci, kuma a ranar Sakkwato ba wanda ke buɗe ta. Babbar riga kuwa idan ta tattare a baya takan zama dunƙule a gefe ɗaya, ta karkatar da zama. A je gwajin mota da irin tufafin da aka saba fita da su.

Kujerar kanta

Kujera mai laushi da yawa tana yaudara. A minti biyar na farko daɗi gare ta, bayan awa guda kuma ƙugu ya nutse, baya ya lanƙwashe. Abin nema shi ne kujera mai ɗan tauri wadda ke riƙe jiki. Faɗin mazauninta ya ɗauki ƙugu gaba ɗaya, kada tudun gefe ya riƙa danna cinya. Motocin da aka yi wa kujeru irin na tsere, masu kunnuwa a gefe, an yi su ne domin su rungume siriri, mai jiki kuwa a kan kunnuwan zai zauna. Tsawon mazaunin ya tallafi cinya, amma a bar tazarar yatsu biyu ko uku tsakanin bakinsa da bayan gwiwa, don kada jini ya tsaya.

Sai maganar gyare-gyare. Kujerar da ke matsawa gaba da baya kawai ba ta wadatar ba. A nemi wadda ake ɗagawa a sauke, ake kuma karkata gaban mazaunin, domin a samu ƙugu ya yi daidai da gwiwa ko ya ɗan fi ta tsayi. A duba ko tana da maɓallin da ke turo tokarin ƙugu daga cikin majingina, kuma a danna shi a tabbatar yana aiki, domin a tsofaffin motoci sau da yawa ya mutu ba wanda ya kula. Majinginar kada ta miƙe ƙyam, kada kuma ta kwanta irin ta samarin da ke tuƙi kamar suna kan gado. Ɗan karkata kaɗan, tsakanin digiri 100 zuwa 110, shi ne abin da masana suka fi ba da shawara.

Galibin motocin da ke kasuwanninmu na hannu ne, an yi shekara goma ko goma sha biyar ana zama a kansu a Amurka ko Turai kafin su iso. Soson kujerar direba, musamman gefen ƙofa inda ake zamewa a fita, yakan lotse. Dillali ya sa sabuwar riga ya rufe, ido ba zai gani ba. Hanyar ganewa mai sauƙi ce: a zauna a kujerar direba, sannan a koma ta fasinja a kwatanta. Idan an ji ana gangarawa hagu a ta direba, soson ya mutu, kuma zama a karkace na watanni ya isa ya tayar da ciwon da ya kwanta. Masu ɗinkin kujerun mota suna iya sake soso, kuma kuɗinsa bai kai na magani ba, sai dai a sa shi cikin ciniki. A kuma yi hattara da rigar kujera mai kauri a motocin da ke da jakar iskar kariya a gefen kujera, domin tana iya hana ta fitowa ranar da ake bukatarta.

Sitiyari shi ne abin da mai tumbi ya kamata ya fi tsayawa a kai. Akwai wanda ke hawa da sauka kawai, akwai wanda kuma ake jawowa a tura. Na biyun ya fi. Idan sitiyari ba ya jawuwa, mai dogayen ƙafafu zai matsar da kujera baya, sai hannu ya kasa kaiwa, sai ya ɗago kafaɗunsa daga majingina, a haka zai yi tafiyar. Idan kuma ya matso gaba, ciki ya taɓa sitiyari. Hukumar kula da lafiyar hanyoyi ta Amurka ta ba da shawarar a bar aƙalla inci 10, wato kamar santimita 25, tsakanin ƙirji da tsakiyar sitiyari, saboda ƙarfin da jakar iska ke fitowa da shi. Camry ta 2002 zuwa 2006 da ake kira Big Daddy, duk da yalwar cikinta, sitiyarinta hawa da sauka kawai yake yi. Daga ta 2007 ne aka fara jawo shi. Haka Corolla sai daga ta 2009, Highlander kuma daga ta 2008. Shekara ɗaya tak tsakanin mota da mota tana iya zama bambancin lafiya da wahala.

A lura kuma da inda gwiwar dama ke sauka. Wasu manyan motoci akwatin da ke tsakanin kujerun gaba ya cinye wurin, gwiwa na gogarsa duk tafiya. Sienna ta 2004 zuwa 2010 da CR-V ta wancan zamani giyarsu a jikin allon gaba take, don haka ƙafa na samun sakewa. Girman mota daga waje ba ya nuna girman wurin direba, kuma wannan sai an zauna ake sani. Ɗamarar kujera ita ma a ja ta a ɗaura a gani: ta isa ba tare da ta ƙare ba, kuma ta ƙasan ta bi ta ƙarƙashin ciki a kan ƙashin ƙugu. Wanda ɗamara ke shaƙe shi daina sa ta zai yi, daga nan kuma magana ta wuce ta ciwon baya.

Game da giya, a ganina ba abin jayayya. Mai ciwon da ke sauka ƙafar hagu ba shi da abin yi da kuloci. Taka shi sau ɗari a cunkoson bakin Babbar Kasuwa aiki ne da ƙugu ke ɗauka. Mota mai canza giya da kanta ita ce tasa, ko da gyaranta ya fi tsada.

Abin da ke tsakanin kujera da ƙasa

Dattawan da suka tuƙa Peugeot 504 da aka riƙa haɗawa a Kaduna tun daga 1975 har yau suna yabon yadda take haɗiye rami. Sirrin ba wani abu ba ne illa sifirin mai dogon zango, kujera mai kauri da taya mai ƙiba. Motocin yanzu da yawa sun bi hanyar ado: babban wili da siririyar taya.

Lambobin da ke jikin taya suna bayyana wannan. Taya mai lamba 205/65 R16 faɗinta milimita 205 ne, tsayin gefenta kuma kashi 65 cikin 100 na faɗin, wato kamar milimita 133 na roba da iska tsakanin wili da titi. Mai lamba 225/45 R18 kuwa milimita 101 kawai gare ta. Wannan bambanci na santimita 3 bayan direba ne ke cike shi a duk lokacin da aka faɗa rami ko aka hau tudun rage gudu. Idan mota ɗaya tana zuwa da wili iri biyu, mai ciwon baya ya ɗauki ƙaramin, ya bar wa yara ado.

Iskar taya ma abin dubawa ce. Akwai takarda manne a ginshiƙin ƙofar direba da ke nuna awon da kamfani ya tsara, wanda a yawancin ƙananan motoci yake tsakanin 30 da 35. Masu faci da dama sukan zarce haka nesa, wai don taya ta yi ƙarfi. Taya mai iska fiye da kima dutse ce. Shokozoba kuma idan ta mutu mota takan riƙa lilo bayan ta wuce rami, kuma a motar da ta yi shekara goma ba a canza ba, da wuya a ce tana nan yadda take. Hilux da 'yan'uwanta an yi bayansu da sifirin faranti ne domin ɗaukar kaya. Da buhunan albasa a baya sai ta natsu, babu kaya kuma tsalle take yi. Ɗan kasuwar da dole sai da ita ya san abin da ya saya, amma ma'aikacin da zai je ofis da ita don a gan shi, bayansa ne zai biya kuɗin ganin.

Highlander, Sienna, Venza, Avalon da Lexus RX duk a kan ginshiƙin Camry aka gina su, shi ya sa tafiyarsu ke da taushin ƙaramar mota duk da girmansu, kayan gyaransu kuma ba sa wuyar samu. Sai dai gaskiya ɗaya ce: galibinsu injinsu mai silinda 6 ne, kuma tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023, litar da ake saye ƙasa da Naira 200 ta ninka sau da yawa. Wanda albashinsa ba zai ɗauki wannan ba ya dubi RAV4 ko CR-V masu silinda 4, ko Camry daga ta 2007 mai kujerar lantarki a ɗaga ta sama. Motar da za ta kwana a gida don babu kuɗin mai, ta tura mai ita hawa babur, ba ta taimaki bayansa da komai ba.

Zagayen da dillali ke yarda a yi, a je bakin titi a dawo, ba ya nuna komai. Ciwon baya ba ya magana sai an yi minti ashirin ko talatin a zaune. A roƙi a ba da lokaci, ko da za a zuba man daga aljihu. Ga mazaunin Sakkwato, hanyar jami'a ta wadatar: a fito daga cunkoson gari inda ake yawan taka birki, a gangara fadama, a haye gadar Kwalkwalawa, a ɗan sauka daga kwalta a bi turɓaya, sannan a tsaya a fito. Yadda mutum ya ji a lokacin da ya miƙe shi ne sakamakon gwajin. Idan ya dafe ƙugu, ko ƙafa ta yi sanyi, kada kyawun fenti ko sauƙin farashi ya sa ya ce zai saba. A lokacin zafi kuma, da awo ke haura digiri 40 a watan Afrilu, a tabbatar na'urar sanyaya mota na aiki, domin mai gumi a kan kujerar fata zamewa yake yi yana ta gyara zama.

Wanda ya riga ya sayi mota kuma ba shi da halin canzawa ba a bar shi haka nan ba. Ƙaramin tawul da aka naɗe aka sa a daidai lanƙwasar ƙugu yana yin aikin tokarin da babu. A cire walat ko damin kuɗi daga aljihun baya. A daidaita madubin tsakiya a lokacin da ake zaune a miƙe, ta yadda duk sa'ad da aka daina ganin baya da kyau an san an zube. A doguwar tafiya, kamar zuwa Gusau mai nisan sama da kilomita 200, a tsaya aƙalla sau ɗaya a inda yake da aminci a taka ƙasa na 'yan mintoci. Kuma kada a sauko daga tafiyar awa uku a wuce kai tsaye a sunkuya a ciro buhu daga but. A wannan lokacin baya ya fi rauni.

Akwai kuma ciwon da ba ruwansa da kujera. Idan ƙafa ta fara rasa ƙarfi har tana kasa taka birki, ko aka ji tsakanin cinyoyi ya mutu, ko fitsari da bayan gida suka fara kufcewa, wannan na gaggawa ne, a nufi asibiti a ranar. Haka idan ciwon ya zo da zazzaɓi, rama da gumin dare, domin tarin fuka yana kama ƙashin baya. A Sakkwato akwai Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da Asibitin Ƙashi na Wamakko, a Kano kuma akwai Asibitin Ƙashi na Dala, kuma masu gashin ƙashi a waɗannan wurare suna iya nuna wa mutum yadda zai saita kujerarsa gwargwadon irin ciwonsa. Masu haɗiyar magungunan kashe zafi kullum kafin su hau hanya su sani cewa irin su diclofenac da ibuprofen suna taɓa ƙoda da tumbi idan aka daɗe ana sha, tramadol kuma yana kawo gyangyaɗi a kan sitiyari.